Ƙararrawar Ɗakin Tsofaffi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Jikin mahaifiyarka sai addu'a. Tana nan kwance a ɗakin tsofaffin mata na asibitin da ya ɗauke ka aikin bincike.

Shugabar ma'aikatan jinya ta bayyana mini tsarinka. Ka sa an ƙirga yawan danna ƙararrawar gefen gado a kowane ɗaki, aka raba ma'aikata bisa haka. Ɗakin da ya fi kira ya sami ƙari. Na su mahaifiyarka aka bar masa ma'aikaciya guda, ita ma rabin yininta a wani ɗakin take.

Ɗana, waɗannan mata ba sa dannawa. Mahaifiyarka ta gwammace ta yini da ƙishirwa. Da na yi mata faɗa sai ta ce, "Malam, da girmana in kira 'yar mutane da ƙararrawa, sai ka ce na ajiye baiwa?" Ta gadon kusa ta ce, "Danna, Yaya, mu gani ko Malam ɗin zai rugo." Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe su.

Shirunsu ba lafiya ba ce. Ka sake duba aikinka. Allah ya yi maka jagora.

Mahaifinka.

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarka ta iso. Ka ce alƙaluma ba su san uwar kowa ba, kuma in ka taɓa sakamako dominta hukumar asibiti ba za ta ƙara amincewa da kai ba. Na karanta mata kalma bayan kalma. Sai ta ce, "Kada a ɓata wa yaron nan aikinsa."

Shekaranjiya bayan azahar ta sauko ita kaɗai za ta kewaya, ta zame, kanta ya bugi ƙarfen gado. A lokacin kam matan duk sun danna, sun yi ta dannawa, ma'aikaciyar tana can ɗaya ɗakin. Ka shigar da wannan cikin lissafinka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mata sutura. Ni na hana a kira ka.

Kafin ta cika ta ce in gaya maka ta yafe. Amana ce, ga shi na sauke. Ni kuwa ba zan yi maka baki ba, domin ina tsoron Allah. In ka zo gaisuwa ba zan kore ka ba. Za ka zauna inda baƙi ke zama, in amsa maka yadda nake amsa musu.

Allah ya jiƙanta. Kai kuma Allah ya ba ka tsawon rai, ya ba ka 'ya'ya masu ilimi irin naka.

Mahaifinka.