Kakata Ta Ce Marubucin Bai San Yunwa Ba

Malam mai wanga fili, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma inda nike babu wanda zan kai wa kukana ya gane shi.

Ni mutumin Tamaske ne, cikin Adar, ƙasar Faransa. Na yi shekara uku a lakwal, makarantar Faransanci ta Madawa, sannan Kawu Lurwanu, ƙanen uwata mai fataucin fata, ya tahi da ni Sakkwato ya sa ni makaranta. Yaƙi ya zo, aka rufe iyaka, sai da na shekara uku ban ga gida ba. Yanzu ina ajin ƙarshe na Midil, bayan kaka za mu yi jarrabawar shiga kwaleji. Na zo hutun sati huɗu, kurkunu ya fito mani a ƙafar hagu. Ga ni wata na biyu bisa tabarma ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, abokaina suna can suna karatu.

Lissafi ba ya ba ni tsoro. Abin da ya tsaya mani a wuya shi ne takardar Turanci, inda ake ba mutum batu a ce ya rubuta shafi biyu da za su jawo mai karatu ya yarda da shi. Malam Ɗayyabu, mai koya mana Turanci, bai taɓa mayar mani da takarda ba sai ta yi jawur da tawada. Da farko na buɗe da gaisuwa da neman afuwa rabin shafi, ya soke su duka. Na koma na kwaso manyan kalmomi daga ƙamus, ya rubuta a ƙasa wai ya karanta sau biyu bai gane abin da nike so ba. Ga Faransanci kuma shina kutso kai, in rubuta kalma ina ganin daidai ce, ashe irin ta lakwal ce. Ni kuwa an rene ni kan yaro ba ya ja da babba. Yaya zan buɗe baki in ce wa mai jarrabawa ga ra'ayina, ya bi ni? Kuma Malam Ɗayyabu ya ce tilas mu iya tsaya wa kowane gefe aka ba mu. Wannan ba koyon ƙarya ba ne?

Batun da ya ba mu na hutu shi ne mu jawo manoma su yarda da rumbun tsimi, wato a ajiye hatsi don shekarar da damina ta ƙi. Sau huɗu na rubuta. Na huɗun ya yi mani kyau, sai na juya shi da Hausa na karanta wa kakata Cima tana kaɗi. Ba ta aje mazari ba har na gama. Ta ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa wuni da yunwa ba. Ta ce rumbun da kumandan, Baturen mulkinmu, ya sa aka gina, makullinsa ba ya hannun masu hatsin, kuma bara da aka buɗe shi rabin geron ƙwari sun mai da shi gari. Ta tambaye ni ko takardata ta san da haka. 

Malam, maganarta ta ƙona ni, don na san yunwa. Ina ɗan shekara shida aka yi shekarar fara. Na ci 'ya'yan itacen anza har bakina ya yi ɗaci, ƙanwata Biba kuwa bisa hanyar Madawa ta rasu, a bayan uwarmu. Amma yaya zan rubuta wannan Bature ya karanta? Kunya nike ji.

Ga kuma mahaifina. Shina jin duk abin da ya faru, washegari ya ce in boko ya kasa shiga kunnen tsohuwa guda, gara in zauna. Wai barikin Madawa ana neman akawu mai Faransanci da Turanci, har ya yi wa wani magana. Bai hana ni komawa ba, sai dai ya ce shekara ukun da bai gan ni ba sun ishe shi. Na sunkuyar da kai. Jiya na yaga takarda ta biyar. Ko dai in haƙura da kwalejin ne?

Ɗan Adar mai ƙafa ɗaya a ƙasa
Tamaske, watan Agusta, 1945

*

Ɗana, kada ka haƙura. Wasiƙar nan taka ta sa na aje aikina na karanta ta har ƙarshe, saboda haka ka iya abin da kake cewa ba ka iya ba.

Malaminka ya yi daidai da ya soke gaisuwa, kai ma ba ka yi laifi da ladabinka ba. Mai jarrabawa shi ya tambaye ka ra'ayinka, ba shi amsa a layin farko shi ne girmama shi. Tsaya wa gefen da ba naka ba kuma ba ƙarya ba ne. Dubi dattijan garinku in suna sulhun iyakar gona: wanda ake saurare shi ne wanda zai iya faɗin hujjar kowane gefe kamar tasa.

Kakarka ta yi maka gyaran da ya fi jan tawada. Ɗauki ƙorafinta ka sa shi a tsakiyar takardar. Ka ce gaskiya ne hatsi ya lalace, gaskiya ne makulli ba ya hannun manoma, sannan ka faɗi gyaran: su riƙe makullinsu, su riƙa musanya tsohon hatsi da sabo kowace kaka. Bayan amsarka ta layin farko, ka buɗe da Biba, layi uku kawai, da ƙananan kalmomin da ka tabbata ka sani. Yunwa ba abin kunya ba ce, kuma ba wani ɗalibi a ɗakin jarrabawa da zai iya rubuta waɗannan layuka sai kai.

Ka aje ƙamus. Kowace safiya ka rubuta shafi ɗaya da gajerun jimloli, ka karanta shi da ƙarfi, inda numfashinka ya yanke ka sa aya. Kalmomin da Faransanci ke ɓata maka ka jera su a bayan littafi, za ka ga ba su wuce talatin ba. Takardu biyu mafi kyau ka ba fatake su kai wa Malam Ɗayyabu. Kada ka ƙara yaga ko ɗaya.

Mahaifinka kewarka ce ke damunsa, kuma aikin akawu ba abin raini ba ne. Kada ka yi musu da shi. Ka roƙe shi izinin zama jarrabawar kaɗai, ka yi masa alkawarin dawowa da sakamakon a hannunka ku yanke shawara tare. In bakinka ya yi nauyi, ka aika wa kawunka ya sa baki.

Kurkunun kada ka yi gaggawar jan sa, ruwan sha kuma a riƙa tace maka shi da ƙyalle mai tsabta. In ka gama sabuwar takardar, ka sake karanta wa kakarka, ka gaishe mini da ita. Allah ya ba ka lafiya, ya ji ƙan Biba, ya sa ka shiga ɗakin jarrabawa da ƙafafunka biyu.

Mai Filin Shawarwari