Fuskar Baba a Shagon Hotuna

Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwa? Yaya Ladi da yara, da mutanen Kagoro? Ni lafiya lau.

Ran Asabar ruwan sama ya kore ni zuwa wani shagon tsofaffin hotuna kusa da unguwar Chow Kit, a nan ƙasar da nake karatu. A bango na ga hoton wani ɗan wasan kwaikwayo na Japan, fuska fara fat da jan zane, ido a zare, hannu a sama. Mai shagon ya ce a katako ake sassaƙa shi, a shafa launi, a danna a takarda.

Mama, sai na ga Baba yana Fir'auna a wasan coci, da zanen gadonki a kafaɗa. Har muryarsa na ji. Tun rasuwarsa fuskarsa take ɓace mini, ran nan ta dawo.

Mai shagon ya turo kujera, ya ce, "Zauna lah," kamar yadda mutanen nan suke ƙarasa magana. Ban san lokacin da ruwa ya ɗauke ba.

Na shiga ƙungiyar wasan makarantarmu. Ba zan bar karatu ba, amma ki sa mini albarka. A gaida kowa.

'Yarki,
Saratu