A Bar Mai Saye Ya Cire Ledar Keke Kafin Ya Biya

Zuwa ga Shugaban masu sayar da kekuna na Tudun Wada, Zariya, tare da dattawan da yake shawara da su.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Allah Ya ƙara buɗi.

Sunana Nasiru. Ba ka san ni ba, amma ina jin ka sha ganin wucewata ta gaban shagonka da akwatin burodi a bayan keke. Sana'ata ke nan: in ɗauki burodi daga gidan burodin maigidana a nan Tudun Wada in kai wa masu shayi. Da safe Kwangila da Hanwa, da yamma ɓangaren Dutsen Abba. Karatuna na boko bai yi nisa ba, in an ga rubutun ya karkace a yi mini uzuri, maganar dai a miƙe take. Na zo shagonka an ce ka tafi sari, na sake dawowa aka ce ba ka dawo ba. Shi ya sa na rubuta a fili, kuma ko banza abin ba ni kaɗai ya shafa ba.

Ga halin da nake ciki a taƙaice. Kekena ya tsage a wuya, ba ya hawuwa. Yanzu da tsohon baƙin keken kawuna nake kai burodin safe, shi kuma da hantsi yake karɓar abinsa ya tafi gona, don haka masu shayin Dutsen Abba sun daɗe ba su gan ni ba. Maigidana ya yi mini kirki, ya ce zai riƙe mini layin kai burodin zuwa ƙarshen watan nan. In wata ya ƙare ba ni da abin hawa, zai ba wani mai babur. Ban ga laifinsa ba, burodi ba ya jiran kowa.

Na ɗaya, yadda na sayi keken.

Bara kafin damina na ɗauki adashi, na zo layinku neman keke mai giya, irin mai faɗin taya da ake ce wa na hawan dutse. Ba don gayu ba. Duk wanda ya san hanyoyin cikin Dutsen Abba idan ruwa ya sauka ya san siririyar taya ba ta da ta cewa a can. Kuɗina bai kai na mai tsada ba, bai ma kai na hannu mai kyau ba, sai na tsaya a kan sabo mai araha, irin wanda ake fitarwa daga kwali a haɗa a ƙofar shago. Na faɗa wa mai shagon aikin da zan yi da shi, ban ɓoye masa komai ba. Ba zan kama sunansa a nan ba, ya girme ni, kuma gyara nake nema ba tozarci ba. In ka kira ni zan faɗa maka a kunne.

Keken yana nannaɗe da leda da soso da guntayen kwali tun daga wuya har ƙasan sirdi, kamar yadda kowane sabon keke yake a layin nan. Na kai hannu zan ɗaga ledar wuyan in duba ɗinkin walda, sai Alhaji mai shagon ya riƙe mini hannu yana dariya, ya ce, “A'a samari, amarya ce, ba a buɗe fuska sai an biya.” Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya, ni ma na yi. Ya ƙara da cewa dokar layi ce, wanda ya cire leda ya saya, domin keken da aka tuɓe ba mai yarda sabo ne.

Na biya. Kuma ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da ke biyo baya, don kai ne a cikin sana'ar. Mu nan ba ma cire ledar sabon abu. Sabon keke, sabon babur, kujerar mota, har rimot ɗin talabijin, a cikin leda muke barin su har ta gaji ta faɗi da kanta, don kada fenti ya karce, don kuma a san sabo ne. Ni ma haka na yi. Da ledar ta fara yagewa ma sai na sayi salatif mai launi na bi ta kai na naɗe ƙarfen tsaf, kamar yadda kowa yake wa kekensa ado. To ka ga a shago an hana ni gani, a gida al'ada ta hana ni. Ƙarfen da ke ɗauke da ni kullum ban taɓa sa shi a ido ba.

Na biyu, abin da na sa wa keken.

Wannan irin keke duk wanda ya hau shi ya san ba a gama shi ba aka sako shi a kwali. Tayoyin da ya zo da su laushi gare su, ƙaya kaɗan sai faci. Robar birkin in ruwa ya taɓa ta sai dai ka ja ƙafa a ƙasa. Boris ɗin cikin ƙafafun a bushe suke, ko ɗigon giris babu. Ban yi fushi ba, na san abin da na biya. Na riƙa gyarawa a hankali, duk lokacin da na samu sarari. Malam Iliya, mai gyaran keke a bakin layinmu, shi ya kwance ƙafafun ya cika su da giris ya daidaita gargaren. Na canza tayoyi biyu, na canza robar birki da wayarsa, na sa sarƙa mai kauri, na sa feda ta ƙarfe a madadin ta roba da ta fashe, aka ɗaura mini kariya ta ɗora kaya a baya. Sirdin ma na canza, don wanda ya zo da shi hukunci ne.

Kayan nan, in ban da giris, duk a shagon da na sayi keken na saye su. Duk zuwan da na yi Alhaji yakan ce, “Haka ake yi, ɗan gari. A hankali za ka mayar da shi na Turai.” Har ya so ya sayar mini da sabon shok na gaba da giya mai hawa da yawa, na ce a'a, wanda ke kai ma ado ne kawai, giya kuwa uku nake amfani da su.

Kuma in faɗi gaskiya, keken ya yi mini aiki. Bayan gyaran nan ya zama wani abu daban. Hawan da nake sauka in tura da keken kawuna, da wannan a zaune nake haye shi da akwati cike. Ya ci damina guda da rani guda bai taɓa kwana a hanya ba.

Na uku, ranar da abin ya faru.

Farkon daminar nan ina gangarowa daga Hanwa da safe, akwati ya kusa zama wayam, wata akuya ta ratso, na kama birki. Sai na ji ƙas a ƙarƙashin hannuna, kan keken ya yi wani lilo kamar ba a jikinsa yake ba. Allah Ya sa ba gudu nake ba, kuma ba babbar mota a bayana. Na sauka na turo shi har Tudun Wada. Malam Iliya ya juya shi ya juya, bai ga komai ba, sai ya ɗauko reza ya tsaga salatif ɗina, ya tsaga ledar kamfani da ke ƙasa, ya ɓare soson. A daidai inda ƙarfen ƙasa ya haɗu da wuya, tsaga ce ta kusa zagaye ƙarfen.

Ga abin da idona ya gani, kuma yana nan kowa zai iya gani. Tsagar kala biyu ce. Ƙarshenta fari ne tas yana ƙyalli, wannan sabuwa ce, ta ranar ce. Amma farkonta, wajen tsawon gaɓar yatsa, ya yi tsatsa baƙi ƙirin, kuma fentin kamfani ya gangara ya shiga cikinta ya bushe. Fenti ba ya shiga ramin da babu shi lokacin da aka fesa shi. Da tsagarsa aka yi masa fenti, da ita aka naɗe shi, da ita aka sayar mini.

Na kai wa mai walda. Ya duba ya ce ƙarfen siriri ne kuma wurin wuya ne. Ya ce, “In ka matsa zan karɓi kuɗinka in ɗinke, amma ni ko kyauta ba zan hau ba.” Na gode masa na ɗauko abina.

Na huɗu, amsar da na samu a shago.

Na je da ladabi, na gaida Alhaji, na nuna masa. Da farko ya ce nauyin burodi ne. Na ce Alhaji burodi a baya yake zama, tsaga kuwa a gaba take, ga kuma fenti a cikinta. Ya sa tabarau ya duba. Daga nan sai ya sauya magana, ya bi keken da kallo daga taya zuwa sirdi ya ce, “Wannan ai ba keken da na sayar maka ba ne. Taya ba tawa ba, birki ba nawa ba, ka canza masa kamanni gaba ɗaya. Iya kuɗinka iya shagalinka.” Na ce duk a wurinka na saya. Ya ce wancan ciniki daban, wannan daban.

A nan ne nake so dattawa su tsaya su duba. In mutum ya bar keken yadda ya zo, ba zai yi masa aiki ba. In ya gyara shi da kayan shagonku, an ce ya fita daga hannunku. In ya nemi dubawa kafin ya biya, an ce doka ta hana. To ta wace ƙofa mai ƙaramin ƙarfi zai bi? Ban ce Alhaji ya san da tsagar ba. Na yi imani bai sani ba, don shi ma a naɗe aka kawo masa. Amma dokar da ta hana ni gani ita ta hana shi gani, kuma da asara ta tashi ni kaɗai aka bar wa. Wannan cinikin biri a sama ne, ko da kuwa birin yana jingine a ƙofar shago.

Na biyar, abin da nake faɗa wa masu tambayata.

Saboda yawon da nake yi, samari da yawa suna tare ni a teburin mai shayi su tambaye ni ko irin wannan keke mai araha ya cancanci saye, ko kuwa asarar kuɗi ne. Har yau da nake tafe da keken aro amsata ba ta canza ba: ya cancanta. Taya da birki da sarƙa da sirdi duk ana canza su a hankali, kuma kowanne ka canza za ka ji bambanci a ƙafarka tun ranar. Kada dai mutum ya bi ruɗin shok da yawan giya. Abu guda ne ba ya canzuwa, shi ne firam, wato ƙarfen jikin keken da komai yake ɗaure a kai. In yana da lafiya, duk abin da ka sa masa ka ajiye ne. In ba shi da lafiya, ka yi wa gawa kwalliya. Kuma shi ne kaɗai abin da layinku ba ya bari a gani. Da bakina na turo mutane layin nan suka saya, ciki har da wani mai kai madara a Kwangila. Ranar da na ga tsagar nan sai da na neme shi na sa ya yanke ledarsa a gabana. Nasa lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma hankalina bai kwanta ba sai da na gani.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A sa rana kafin watan nan ya ƙare, in kawo firam ɗin gabanka, a kira Alhaji, a kira duk mai gyaran da kuka yarda da shi, ba sai Malam Iliya ba. Kowa ya sa ido. In dattawa suka ce burodi ne ya tsaga shi, na karɓa, ba za a sake jin bakina ba. In kuwa suka ga abin da na gani, ba kuɗi nake nema ba, ba kuma sabon keke ba. Firam kawai za a ba ni, tsirara, wanda zan duba da idona. Kayana na riga na kwance su suna cikin buhu, yini guda ya isa a mayar da su. Shi kuma Alhaji sai ƙungiyarku ta tsaya masa ya mayar wa dilan da ya kawo masa, don shi ma bai kamata ya ɗauki asarar kamfani ba.

Sannan a sassauta dokar leda. Ba sai an tuɓe keke duka ba. A bar mai saye ya buɗe wuya da ƙasan sirdi da wajen feda, inda ɗinkin walda yake, in ya gama a mayar a ɗaure. In ana tsoron a ce keken ba sabo ba ne, ai in duk layi ya koma haka ba wanda zai ce. Kuma a riƙa gaya wa mai saye ya cire sauran in ya je gida, don mu ba za mu cire da kanmu ba sai an faɗa mana.

A ƙarshe a fayyace wa mutane tun ranar ciniki ko canza taya da birki yana fitar da keke daga alhakin shago. In haka ne, a faɗa kafin a sayar musu da tayar.

Jiya maigidana ya tambaye ni ko ya fara yi wa mai babur magana. Na ce ya dakata, akwai manya a layin 'yan keke, kuma abin da zan nuna musu ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ce to, ya ji, amma ranar ɗaya ga wata da wanda ke da abin hawa zai yi lissafi.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci tsakanin na sama da na ƙasa, Ya sa albarka a kasuwarku, Ya tsare duk wanda ya hau abin da ya fito daga hannunku. Ina gidan burodi kullum bayan sallar Azahar, duk wanda ka aiko zai same ni.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Nasiru mai kai burodi,
Tudun Wada, Zariya.