Ina Inna Kulu ta Filin Mata?

Zuwa ga Shugaban gidan rediyonmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ranka shi daɗe, sunana Dije, ungozoma ce ni a Kebbe. Iyakar bokona ajin yaƙi da jahilci, a yi haƙuri da rubutuna.

Akwatin rediyo ɗaya ne a unguwarmu, na malamin asibiti. Kowace Laraba bayan la'asar matarsa kan fito da shi tsakar gida, mu taru mu ji filin mata na Inna Kulu. Tun tana rubutu a jarida na san sunanta. Sau ɗaya na gan ta, ranar da ta tara mata a Tambuwal kan a sa 'ya'ya mata makaranta. Daga bakinta na koyi tafasa reza kafin yanke cibi, kuma na ga amfanin haka a jariran da nake karɓa.

Na farko. Bayan ƙaramar salla na aika mata wasiƙa da tambaya ɗaya: an ce matan kudu na jefa ƙuri'a, mu me ya hana mu? Ba gardama nake nema ba, so nake in sani. Ta karanta, har ta ambaci Kebbe, ta ce mako mai zuwa za ta kawo amsa.

Na biyu. Larabar ta zo, muka shimfiɗa tabarmi, sai muka ji kiɗan goge maimakon muryarta. Yau Laraba bakwai ke nan, ba wanda ya ce mana uffan.

Na uku. Zance ya rabu. Wasu sun ce ba ta da lafiya, wasu sun ce an mai da ita aikin ofis. Maigidana ya ce wasiƙata ce ta ja mata, yanzu ko rijiya na je sai mata su yi shiru. Shin haka ne? Wa ke yanke shawarar ɗauke fili? Ana tambayar masu saurare kuwa?

Roƙona, ku gaya mana inda take da halin da take ciki. In wasiƙar ce, ni na rubuta, ita karantawa kawai ta yi. A tuhume ni, a mayar mata da filinta. In kuwa ba wasiƙar ba ce, ku faɗa a rediyo ranar Laraba, matan unguwarmu su ji da kunnensu.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.
Dije Ungozoma, Kebbe