Tsakuwar da Ta Biyo Bayan Aiki

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Faransa, ya Hadiza da yara?

"A rage miki tumbi kawai, abin da ya biyo baya nawa ne." Kai ka faɗa. To, ƙiba ta tafi, tsakuwar ƙoda ta zo. Likita ya ce in yawaita shan ruwa, ga famfonmu a datse tunda aka fara rushe unguwa.

Jiya na fitsarar da wata tsakuwar. Maƙwabciyata ta juya ta a tafin hannu, ta ce, "Rabi, jifa ne. Ƙasar kabari ce wannan." Na yi mata dariya. Yau na tarar an zagaye ƙofata da toka, babu sawun kowa.

Ka zo ka mayar da ni wurin likitanka kafin azumi. In wata ya tsaya ban gan ka ba, Inna za ta ji wanda ya kai ni aka yanka a ɓoye.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Rabi