Ƙafar Baba ta Hagu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya Inna? Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga. Kin san aikina: ragowar jijiyoyin ƙafa da ake dasa wa masu ciwon zuciya nake ɗaurawa a na'ura, in ja har su tsinke, don a auna ƙarfinsu.

Don Allah, kafin a yi wa Baba aikin zuciya ranar Talata, ki sa likita ya duba ƙafafunsa biyu, tunda daga ƙafa za a ciro jijiyar da za a dasa masa. Jijiyoyin hagun sun kumbura, kuma kin san halinsa, zai ja wando ya rufe ya ce ba komai.

Kada Inna ta ji. Jiya wata jijiya mai irin kumburin ta tsinke tun ban soma ja sosai ba.

Ƙanwarki