Numfashin Malam Ishawu

Kumasi, 3 ga Oktoba

Ƙanwata Hamdatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin ƙasarku? Na ba Mutaru wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce.

Labari ya iso mana cewa sunan 'yarki Tahiratu yana jikin wani fim da ake nunawa a New York, wai ita ta haɗa sautinsa. An ce yanka mutane ake yi a ciki kamar ranar layya, masu kallo suna suma, har da wadda aka ɗauka a motar asibiti. Matan unguwa sun shigo mini jaje kamar an yi rasuwa. Shekarar Malam Ishawu ɗaya kacal a ƙasa, a ce 'yarsa ce cikin irin wannan? Ki tsawata mata. In kin kasa, ki haɗa ni da ita.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Damata

Harlem, 12 ga Oktoba

Yaya Damata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ina gaida mutan gida baki ɗaya.

Ban so in yi faɗa a kan abin da ban gani ba. Ranar Talata da na tashi daga gidan tsohuwar da nake jinya, na hau jirgin ƙasa na je kallon ƙarfe biyu na rana. Ɗan ƙaramin sinima ne, kujerunsa ba su kai ɗari ba. Mai sayar da tikiti ta dubi mayafina, ta tambaye ni ko na san irin fim ɗin, sannan ta miƙo mini leda ko amai zai zo.

Abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Labarin wata mata ce a wani gida bakin teku, duk baƙon da ya shiga ba ya fitowa. Ba zan rubuta abin da take yi musu ba. Wani saurayi a gabana yana ta dariya, can ya yi shiru ya kifa kai a gwiwa. Mata biyu suka fice suna zagi. Wani dattijo ya miƙe ya ce wannan mayanka ce aka kawo mu, na baya suka ce ya zauna ko ya ba su wuri. Ni ma na ɗauki jakata.

Sai allon ya yi duhu, aka bar ruwa kaɗai yana motsi, shuɗi-shuɗi, wani numfashi ya cika ɗakin. A ja shi a hankali, a tsaya, sai ɗan siririn fito a ƙarshe. Yaya, shekara ashirin da shida ina kwana kusa da fiton nan. Malam ne.

Na koma na zauna. Mutane suna toshe kunne, ni kuwa ji nake kujerar tana tafiya da ni a kan ruwa. Na ga ɗakinmu na farko a Kumasi, da koren labulen nan, yana barcin bayan azahar, ina tsince shinkafa a hankali kada in tashe shi. Har ƙanshin man da yake shafawa na ji. Da aka kunna fitila rabin kujerun babu kowa, wasu na tafi, wasu na ihu. Wata Baturiya ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, ta ɗauka tsoro ne ya sa ni kuka.

Na tura wa Tahiratu layi ɗaya, na ce na ji babanta. Ta kira sau tara, ban ɗauka ba. Ni kaina ban san ko fushi nake yi ba.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Hamdatu

Port Richmond, 15 ga Oktoba

Mma,

Ina gaisuwa, ya jiki da aiki? Ki yi haƙuri da Hausata, amma wannan maganar ba zan iya yi miki ita da Turanci ba.

A asibiti na ɗauki sautin numfashin Baba, makonsa na ƙarshe, kin fita alwala. Don kaina na yi. Wata shida ina sa shi a kunne duk safiya a cikin feri, jirgin ruwan da ke ƙetarar da mu, ina kallon ruwa, kamar yana zaune kusa da ni. Da muka zo wurin ruwan nan a fim, mai fim ɗin ya ce yana son sautin da zai sa mutum ya ji akwai wani a bayansa. Na gwada abu kusan arba'in, babu wanda ya yi. Na sa na Baba sau ɗaya, kowa a ɗakin ya yi tsit. Na ji daɗi, Mma, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Ban gaya musu ko wane ne ba.

Wata jarida ta yabi wurin, ta kira shi numfashin dodo. Tun da na karanta na kasa cin abinci.

Ranar Juma'a za a aika fim ɗin sauran garuruwa. Kafin nan zan iya cirewa, ko da za su daina ba ni aiki. Abin da kika ce shi zan yi.

Ki yafe mini.
'Yarki, Tahiratu

Harlem, 17 ga Oktoba

Tahiratu,

Ina amsawa. Sau huɗu na koma, in rufe ido har a zo wurin ruwan. Jiya wata yarinya a kusa da ni ta ce wa ƙawarta Allah ya raba ta da mai wannan numfashi.

Ki cire shi. Babanki bai taɓa tsoratar da ko ɗan kyanwa ba, ba zai fara yanzu ba.

Ki zo ranar Lahadi da abin da kika ɗauka, dukansa, mu saurara tare. Allah ya yi miki albarka.

Mmanki